Imani da Zumunci a Matsayin Madogarar Fata: Nazari Kan Al'ummar Batsari da Safana a Zamanin 'Yan Bindiga

Tsakure

Wannan takarda ta duba yadda mutanen ƙananan hukumomin Batsari da Safana, a yammacin Jihar Katsina, suke riƙe da fata da ganin ƙimar rayuwa bayan shekaru fiye da goma na satar shanu, kisa da garkuwa da mutane. Ta dogara ga abubuwan da suka faru a idon jama'a, da rubuce-rubucen masana tarihi da na addini, da kalmomin da mutane ke furtawa a harkokinsu na yau da kullum. Matsayin takardar shi ne, fata a wannan yanki aiki ne da mutane ke yi wa juna: imani yana sa wa masifa suna da iyaka, zumunci kuwa yana raba nauyinta a kafaɗu masu yawa. Duk inda aka raba su, imani kan koma miƙa wuya, zumunci kan koma ƙabilanci da ramuwar gayya. Takardar ta rufe da shawarwari ga malamai, masarauta, hukuma da jami'o'i.

1.0 Gabatarwa

A watan Mayun 2019, ana cikin azumin Ramalana, 'yan bindiga suka afka wa manoma a 'Yargamji ta ƙaramar hukumar Batsari, suka kashe mutum 18. Mutanen yankin ba su tsaya binne 'yan'uwansu a ƙauye ba. Mota suka sa gawawwakin, suka nufi birnin Katsina da su har ƙofar fadar Sarki, domin masu iko su gani da idonsu. Wanda ya san yadda Bahaushe ke gaggawar suturta mamaci zai gane girman abin da ya sa aka yi wannan doguwar tafiya da gawa a cikin zafin azumi. Mutanen nan sun karɓi hukuncin Ubangiji, sun sallaci mamatansu, amma sun ƙi yarda jinin ya tafi a banza. A tafiya guda sun haɗa haƙuri da neman haƙƙi, kuma sun yi ta ne tare, gari guda.

An yi rubutu mai yawa kan matsalar tsaro a Arewa maso Yamma: musabbabinta, makamanta, da adadin waɗanda ta ci. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce ta waɗanda suka rage. Da me manomin da aka kashe ƙanensa a gona yake samun ƙarfin ɗaukar fartanya in damina ta dawo? Me ke sa matar da aka ƙona mata rumbu ta sake jiƙa gero, ta dama kunu, ta tura yara makarantar allo? Wannan ita ce tambayar da takardar ta sa a gaba, domin al'ummar da ba a san abin da ke riƙe da ita ba, ana iya tsinka mata igiya da sunan taimako.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Hausa ta bambanta fata da buri. Buri na iya zama a zuciya kawai, mai shi yana kwance. Fata kuwa yana tafe da tsammani da kyautata wa Allah zato. Imam Gazali, a babin tsoro da fata na littafinsa Ihya'u Ulumid Dini, ya yi wannan bambanci da misalin manomi: wanda ya gyara ƙasa, ya zuba iri, ya ba da ruwa, sannan ya jira falalar Allah, shi ne mai fata na gaskiya, wanda bai shuka ba yake jiran girbi, ruɗin kai yake yi. Misalin ya dace da mutanen da nazarin ya shafa, don su manoma ne a zahiri.

Haƙuri shi ne danne zuciya ga abin da ya riga ya faru. Tawakkali shi ne dogara ga Allah bayan an riƙi sababi, kamar yadda sanannen hadisin nan ya nuna, inda aka umarci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna. Bahaushe ya taƙaita da cewa Allah ya ce tashi in taimake ka. Zumunci a nan ya wuce dangantakar jini, ya haɗa maƙwabtaka, surukuta, abota, da amanar da ke tsakanin manomi da makiyayi.

A littafinsa na 1974 kan mutumin kirki a wurin Hausawa, Anthony Kirk-Greene ya lissafa ɗabi'u irin su gaskiya, amana, karamci, haƙuri, kunya da mutunci. Abin lura shi ne kusan dukkansu sai da wani mutum a gabanka suke tabbata. Viktor Frankl, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ostiriya da ya tsira daga sansanonin 'yan Nazi, ya nuna a littafinsa na 1946 cewa wanda ya san dalilin rayuwarsa ya fi iya jure wahala. Takardar nan ta yarda da shi, amma ta ƙara da cewa a ƙasar Hausa mutum ba shi kaɗai yake neman dalilin ba. Jama'a ce ke miƙa masa shi, a masallaci, a zaure, da wurin makoki.

3.0 Ƙasar da Tarihinta

Batsari da Safana suna bakin dajin Rugu, wanda ya miƙe har cikin Zamfara. Suna cikin ƙananan hukumomi takwas da aka daɗe ana kira na bakin daga, tare da Jibiya, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Dandume da Sabuwa. Ƙasa ce ta gero, dawa, wake, gyaɗa da kiwo, kuma rogon Batsari ya yi suna a kasuwannin jihar.

Wannan ba shi ne karo na farko da yankin ya zama fagen hari ba. Bayan jihadi, sarakunan Katsina na da suka koma Maraɗi, aka shafe yawancin ƙarni na 19 ana kai hare-hare ta wannan daji, musamman a zamanin ɗaya daga cikinsu, Ɗanbaskore. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya yi bayanin wannan zamani a littafinsa na tarihin Katsina da ya fito a 1981. Garuruwa irin su Ruma suka zama garkuwa a bakin iyaka, suka yi suna da jarumai, kuma har yau hakimin Batsari sarautar Sarkin Ruma yake riƙe da ita. Bajamushen nan Heinrich Barth ya bi ta Kurfi da Zakka a 1853 kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, ya kuma rubuta irin fargabar da ayari ke ciki kafin ya ratsa dajin.

Da yaƙe-yaƙen suka lafa a farkon ƙarni na 20, mutane suka fito daga ganuwa, suka sari gonaki, suka kafa ƙauyuka. Daga baya aka keɓe dajin Ruma da Kukar Jangarai don kiwo, aka kuma kafa dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa a 1965. A tsawon shekarun nan aka saƙa wata alaƙa mai ƙarfi: makiyayi ya sauka a gonar manomi da rani ya bar masa taki, manomi ya ba shi hatsi, ya damƙa masa amanar shanunsa, matan Fulani su kawo nono cikin gari, a yi ƙawance, a halarci sunan juna. Sanin wannan tarihi kansa abin dogaro ne. Dattijon da ya ji daga bakin kakansa cewa an taɓa gudu an dawo, yana da hujjar cewa abin da ya yi farko zai yi ƙarshe.

4.0 Abin da Aka Rasa

Ranar Juma'a 14 ga Fabrairun 2020 aka kai hari ƙauyukan Tsauwa da Dankar a Batsari, inda 'yan sanda suka tabbatar da mutuwar mutum 30, aka ƙona gidaje da rumbuna da dabbobi. Ranar 18 ga Afrilun shekarar aka kashe mutum 47 a ƙauyukan Safana, Ɗanmusa da Dutsin-Ma. Tsakanin manyan hare-hare irin waɗannan akwai na kullum da ba sa shiga jarida: tare hanyar kasuwa, kore shanun huɗa, ɗauke magidanci cikin dare, da sa wa gari haraji kafin a bar shi ya yi noma ko girbi. Ƙauyuka sun watse. Wasu sun fake a makarantun firamare na cikin Batsari, wasu sun nufi Katsina da Dutsin-Ma, wasu sun ƙetara zuwa jihar Maraɗi.

A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe wasu hanyoyi, ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, aka kuma katse layin waya na tsawon watanni a ƙananan hukumomi da dama, har da Batsari da Safana. An yi haka ne don a toshe wa 'yan bindiga hanya, amma talaka ma ya ɗanɗana. Ɗan da ke ci-rani a Legas ya kasa jin muryar uwarsa, ya kasa sanin ko tana raye. A lokacin ne aka ga ƙimar direban mota da ɗan acaɓa mai kai saƙon baki, aka sake tabbatar da cewa zumunci a ƙafa yake.

Asarar da ta fi wuyar lissafi ita ce ta mutunci. Magidancin da ya saba fitar da zakkar hatsi ya wayi gari yana layin karɓar tallafi. Wannan raunin ba a ganin jininsa, kuma a nan ne tambayar ma'anar rayuwa take tasowa da gaske.

5.0 Imani: Sa wa Masifa Suna da Iyaka

Abu na farko da addini ke yi wa wanda bala'i ya afka wa shi ne ya ba shi abin yi a sa'ar da hankali ya tashi. Akwai wanka, akwai likkafani, akwai sahu, akwai kabari. Hannun da ke rawa ya sami aiki. Sallar jana'iza farilla ce a kan al'umma, saboda haka ba a barin mai rashi shi kaɗai. Sai zaman makoki, inda kalmomi ƙalilan ke ta maimaituwa: ya haƙuri, Allah ya jiƙan rai, Allah ya sa ya huta, Allah ya ba mu guzurin tarar da su. Kalma ta ƙarshe tana sanar da mai rashi cewa mai gaisuwar ma matafiyi ne, kuma rabuwar tana da wa'adi.

Na biyu, imani yana canja sunan abin da ya faru. Wanda aka kashe yana kare dukiyarsa ko iyalinsa, koyarwar Musulunci ta ba shi matsayin shahidi. Ga uwar da ta rasa ɗa, akwai tazara mai nisa tsakanin a ce an harbe shi kamar dabba da a ce ya yi shahada. Haka kalmar jarrabawa: jarrabawa tana da mai yin ta, tana da lokacin tashi, tana da sakamako. Ƙissar Annabi Ayyuba da ta Annabi Yusufu, da yadda Annabi Yaƙuba ya ƙi yanke ƙauna daga ɗansa duk da tsawon shekaru, suna da wani irin sauti a kunnen wanda nasa ke hannun masu garkuwa. Ko sunan 'yan gudun hijira yana ɗauke da tarihi, domin Manzon Allah (SAW) ya bar garinsu, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma ya bar Degel zuwa Gudu a 1804. Wanda ya tsere daga ƙauyensu yana iya ganin kansa a sahun mutanen kirki da suka taɓa rasa gida.

Na uku, imani da ranar hisabi yana tsare zuciya daga haukan rashin adalci. Idan mutum ya ce Allah ya isa, ya kai ƙara kotun da ba a saye. Wannan ya hana mutane da yawa ɗaukar makami su afka wa wanda bai ji ba bai gani ba. Alƙunutu a sallolin farilla da saukar Alƙur'ani da ake yi a masallatan yankin suna haɗa kukan mutum ɗaya da na gari, su mai da shi roƙo.

6.0 Zumunci: Raba Nauyi

Mafi yawan waɗanda suka gudu ba a sansani suka sauka ba, a gidajen mutane suka sauka. Ɗakin da yake na mutum huɗu ya ɗauki goma. Aka share zaure, aka buɗe kango, aka ƙara ruwa a miya. Masu masaukin nan su ma talakawa ne, kuma babu wata hukuma da ta rubuta sunayensu. Idan za a yi lissafin gaskiya, su ne babbar ƙungiyar agaji a yammacin Katsina.

Karo-karon kuɗin fansa shi ne misali mafi ɗaci. Idan aka ɗauke mutum, sai dangi su sayar da gona, da shanun huɗa, da hatsin shekara. A yi shela a masallaci. 'Yan ci-rani su turo abin da ya sawwaƙa. Kowa ya san kuɗin nan makami zai saya, kowa kuma ya san ba a barin ɗan'uwa a daji. Wanda aka fanso yakan dawo da sanin cewa gari guda ya tsiyata kansa dominsa. Wannan sani nauyi ne, amma kuma shi ne amsar tambayar ko rayuwarsa tana da daraja.

Rawar mata ta cancanci nazari na musamman. Adashi, gudummawar biki, ciyayya tsakanin maƙwabta, da makarantun Islamiyya na matan aure su ne wuraren da bazawarar da aka kashe wa miji take samun jarin ƙuli-ƙuli ko awara, da kunnen da zai saurare ta. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Wannan tsari yana da asali a ƙasar nan tun 'Yan Taru na Nana Asma'u, waɗanda suka haɗa karatu da kula da marasa ƙarfi.

A nan ne ake ganin yadda igiyoyin biyu, imani da zumunci, suka murɗe wuri guda. Mai masauki yana karɓar baƙo don Allah, yana tuna Ansaru da Muhajirai. Baƙon kuma, in ya ga an buɗe masa ƙofa, sai ya ce Allah bai manta da shi ba. Taimakon mutum ya zama hujjar rahamar Ubangiji a wurin wanda aka taimaka, shi ya sa Hausawa ke cewa mutum rahama ne.

7.0 Inda Igiya Ke Tsinkewa

Ba daidai ba ne a nuna kamar komai lafiya. Akwai wurare huɗu da madogarar nan ke rauni.

Na farko, matsalar infoma. Da zarar an gane cewa wani na cikin gari ne ke nuna gidan da za a shiga, sai zargi ya shiga tsakanin maƙwabta. Mutum ya sayar da sa, ya ɓoye wa aminin da suke cin tuwo tare. Harsashi yana kashe mutum ɗaya, rashin amana yana kashe gari.

Na biyu, rabuwar Hausawa da Fulani. Ayyukan wasu 'yan sa-kai da suka riƙa hukunta mutum saboda kamanninsa, da ramuwar da ke biyo baya a kan ƙauyuka, sun rusa amanar da aka gina a shekaru masu yawa. Fulani da yawa su ne farkon waɗanda aka kwashe wa shanu. Zumuncin da ya tsaya a kan ƙabila kaɗai ya saɓa wa addinin da ɓangarorin biyu ke sallah da shi.

Na uku, yadda ake karɓar matan da suka dawo daga daji. Idan aka bi su da tsegumi, ko miji ya juya baya, to al'umma ta ƙarasa abin da azzalumi ya fara. Wadda aka zalunta ba ta da laifi a shari'a, kuma wajibi ne a faɗi haka a kan mumbari.

Na huɗu, amfani da haƙuri a matsayin abin rufe baki. Idan mai mulki ya zo jaje ya ce a yi haƙuri, a koma ga Allah, ya tafi bai bar tsaro ba, ya ɗauki kalmar talaka ya mai da ita garkuwarsa. Haƙuri tsakanin bawa da Ubangijinsa ne. Tsare rayuka kuwa amana ce a wuyan shugaba, kuma za a tambaye shi. Mutanen 'Yargamji sun fahimci wannan bambanci sarai.

8.0 Sulhu da Shawarwari

Sulhun da gwamnatin Masari ta yi da 'yan bindiga a 2019 bai ɗore ba, har gwamnan ya bayyana a 2020 cewa ya daina. A watan Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha. A 2025 kuma al'ummomin Jibiya, Batsari, Safana da Ɗanmusa suka shiga zaman sulhu a matakin ƙananan hukumomi. Ra'ayi ya rabu a kai. Mai son ya koma gona yana cewa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Wanda aka kashe wa uba yana tambayar ina haƙƙinsa. Dukansu suna da gaskiya, kuma sulhun da bai saurari na biyun ba gini ne a kan toka.

Saboda haka takardar tana ba da shawara kamar haka. Malamai su riƙa haɗa wa'azin haƙuri da bayanin haramcin jinin wanda bai yi laifi ba, ko wane ne shi, da haƙƙin wanda aka zalunta. A horar da limamai da malaman Islamiyya su gane alamomin ciwon damuwa mai tsanani, su tura mai shi asibiti, domin addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Masu kawo tallafi su sa magidantan da suka sauki baƙi a lissafi, su kuma fifita iri, taki da jari a kan rabon da ke sa mutum layi. A tsara zakka da waƙafi don karatun marayu. Hakimai da ardo-ardo su farfaɗo da zaman sasanta rikicin gona da burtali tun yana ƙarami. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma su tattara labaran waɗanda abin ya shafa daga bakinsu, da Hausa da Fulatanci, kafin masu labarin su ƙare.

9.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa abin da ya hana Batsari da Safana durƙushewa shi ne haɗuwar imani da zumunci, kuma kowane ɗaya yana buƙatar ɗan'uwansa don kada ya karkace. Ta nuna kuma cewa wannan ƙarfi yana da iyaka, bai kamata hukuma ta jingina da shi ta yi barci ba.

Rogo ba kamar gero ba ne. Kara ake yankawa a binne, sannan a jira watanni masu yawa kafin a tono. Manomin Batsari da ya dasa rogo a gonar da ba shi da tabbacin zai sake takawa ya cika sharuɗɗan da Gazali ya gindaya wa mai fata: ya gyara ƙasa, ya sa iri, ya bar sauran ga Allah. Sau da yawa karan da ya dasa ma maƙwabci ne ya ba shi. Abin da ya rage a kanmu, mu masu ilmi da masu iko, shi ne mu tabbatar ya kai ranar tono da ransa, ya kuma ci tare da wanda ya ba shi karan.